Ina Sahun Asuba Ke Tafiya Bayan Salla?

Duk mai zuwa sallar asuba a masallacin unguwa ya san abin da ke faruwa a makon farko na Shawwal. Cikin azumi sahu har waje, sai an shimfiɗa tabarmi a bakin titi. Kwana uku bayan idi liman zai waiwaya ya ga sahu ɗaya da rabi, su ne dai dattawan da aka saba gani tun shekara goma. Wanda ya sauke Alƙur'ani cikin wata ɗaya zai mayar da shi saman kanta ya bar wa ƙura. Mai shan sigari da ya iya haƙura daga ketowar alfijir zuwa faɗuwar rana har kwana 29 ko 30, ranar Salla kafin a gama cin tuwon Salla ya riga ya kunna kara biyu.

Masu wa'azi sukan ce raunin imani ne, an kuma kwance shaiɗanu, ni kuwa ba ni da ja da malamai a fagensu. Amma abin bai tsaya ga ibada ba. Ɗalibin da ya sha alwashin karatun dare saboda JAMB, da magidancin da likita ya ce masa ya riƙa tattaki saboda hawan jini, da matar da ta ƙudurta tara jarin keken ɗinki, duk haka suke farawa da zafi irin na wutar kara, su mutu murus cikin 'yan makonni. Ba su rasa niyya ba, sun kuma san amfanin abin sarai. Akwai wani abu a ginin ɗan Adam da ke yanke igiyar da ke tsakanin niyya da aiki, kuma ya kamata a san shi.

Bari mu fara kawar da wata tatsuniya da ta cika wayoyinmu, wai kwana 21 ne ke kafa ɗabi'a. Asalin maganar wani likitan fiɗa ne a Amurka mai gyaran fuska, Maxwell Maltz, wanda ya rubuta a littafinsa na 1960 cewa ya lura marasa lafiyarsa kan ɗauki aƙalla kwana 21 kafin su saba da sabuwar fuskarsu. Lura ce ta likita a ɗakin dubawa, ba gwaji ba, kuma a hanya aka yar da kalmar "aƙalla" kamar yadda zance ke zubar da kaya in ya yi nisa. Da lissafin gaskiya ne, da azumi ya gama mana aiki kowace shekara har da rarar kwana takwas.

Waɗanda suka zauna suka auna abin su ne Phillippa Lally da abokan aikinta a wata jami'a ta Landan. Sun ɗauki mutum 96, kowa ya zaɓi abu guda da zai riƙa yi kullum a lokaci ɗaya, wani shan ruwa da abincin rana, wani gudun minti 15 kafin abincin dare, suka bi su mako 12. Sakamakon da aka wallafa a 2009 ya nuna cewa matsakaicin lokacin da aiki ke ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne. Mai saurin cikinsu ya ɗauki kwana 18, mai nawar kuma aka ƙiyasta masa kwana 254. Shan ruwa ya fi motsa jiki saurin kamawa, wannan ko ba a faɗa ba. Ke nan wanda ya yi wata guda yana fama bai ji abin ya zame masa jiki ba, kada ya ce shi ne aka haifa da kasala. Wataƙila ko rabin hanya bai kai ba.

Sai dai yawan kwanaki rabin amsa ne. Ɗaya rabin ya fi nauyi, kuma Ramadan ya fi kowane littafi bayyana shi. Ka duba abin da ke ɗauke da mutum a watan. Sahur ne ya tashe shi tun kafin kiran salla, cin abinci kuwa ba ya buƙatar wa'azi. Uwargida ta tashi, yara sun tashi, maƙwabta sun kunna wuta, lasifika na tashi ta kowace kusurwa. Da rana masu abinci sun rufe, ofisoshi da yawa sun rage lokacin aiki, gidajen rediyo sun koma tafsiri, kuma duk wanda ya kunna sigari a bainar jama'a ido zai cinye shi. Gari gaba ɗaya ya zama katangar da mutum ke jingina. Ranar Salla a rushe katangar cikin dare ɗaya, a bar shi tsaye shi kaɗai da niyyarsa. Abin da ya saba da shi a watan shi ne tafiya masallaci bayan sahur, da babu sahur kuwa sai aka rasa abin da zai tayar da tafiyar.

Masu nazarin halayyar ɗan Adam haka suke fassara sabo: ƙulli ne da ƙwaƙwalwa ke yi tsakanin wani yanayi da wani aiki, ta yadda da zarar yanayin ya zo aikin zai biyo baya ba tare da an yi shawara da zuciya ba. Wendy Wood, wadda ta shafe shekaru tana wannan bincike a Amurka, ta sa mutane su riƙa rubuta abin da suke yi kowace sa'a, ta gano cewa kusan kashi 43 cikin ɗari na ayyukansu na yini suna yin su ne a wuri ɗaya, kusan kullum, hankalinsu na wani wajen. Akwai gwajinta da nake so. An raba wa masu kallo gugguru a gidan silima, wasu sabo, wasu wanda ya yi mako guda ya yi lami. Waɗanda suka saba cin gugguru a silima suka ci lamin kamar yadda suka ci sabon, alhali da bakinsu sun ce ba daɗi. Da aka maimaita gwajin a ɗakin taro, sai suka ƙi lamin. Hannu ne ke aiki, wurin ne ke ba shi umarni. Duk mai cin goro da ya taɓa tsintar ɓari a bakinsa bai san lokacin da ya ɓare shi ba zai gane wannan.

Misali mafi girma ya zo daga yaƙin Biyetnam. A 1971 hankalin gwamnatin Amurka ya tashi da labarin cewa sojojinta sun faɗa shan hodar heroin, aka ɗora wa wata mai bincike, Lee Robins, alhakin bin sawunsu. Ta gano kusan ɗaya cikin biyar ya kamu a can. Kowa ya sa ran za su dawo gida su zama annoba, domin a wancan lokaci mafi yawan masu fita daga gidajen gyaran hali komawa suke yi. Sai ga shi kusan kashi 5 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka kamu suka sake kamuwa a shekarar farko. A can hodar tana da araha, abokan sha na nan, ga tsoro ga zaman jira. A gida kuwa duk babu. Ba na cewa sauya wuri maganin jaraba ne, al'amarin ƙwaya na buƙatar likita. Amma iyayen da ke kai yaro gidan gyaran hali wata uku, ya dawo su bar shi ya koma majalisar da ya baro, da abokan da ya baro, a lokacin da ya saba zama, sun sayi magani ne sun zuba a kwando.

Bahaushe ya ce sabo turken wawa, kuma da zagi yake nufi. Amma turke ba ruwansa da abin da aka ɗaure masa, akuya ce ko ingarma. Tambayar ita ce ina za a sami turken da ba ya girgiza. Marubutan ƙasashen Yamma da suka yi suna a wannan fanni, irin su James Clear da littafinsa na 2018 ya karaɗe duniya, sukan ba da shawarar a ɗaura sabon aiki a jikin tsoho, kamar shan kofin safe ko goge baki. Mu kuwa muna da turaku biyar a kowane yini, waɗanda ba su san ɗauke wuta ba, ba su san yajin aiki ba, kuma ladan na shelanta su ko mutum ya manta. Tun kafin agogo ya yawaita da su muke sa alkawari: bayan la'asar, kafin magariba, in an sauko daga Juma'a. Abin mamaki shi ne in mun tashi yi wa kanmu alkawari sai mu bar su mu ce "zan riƙa yi", wanda ba ya da rana ba ya da wuri.

Bambancin da ke tsakanin "zan riƙa yi" da ƙayyade lokaci da wuri ya fi yadda ake zato. A 1965 Howard Leventhal ya yi wa ɗaliban jami'ar Yale bayanin haɗarin ciwon sarƙe haƙora, ya ce su je asibitin makaranta a yi musu allurar riga-kafi. Da yawa suka gamsu, amma kusan kashi 3 cikin ɗari ne suka je. Wani rukunin kuma aka ba su taswira da aka zagaye asibitin, aka ce kowa ya duba jadawalinsa ya zaɓi lokaci da hanyar da zai bi, sai kashi 28 suka je. Ɗalibai ne da suka san inda asibitin yake tun da can. Daga baya Bajamushen nan Peter Gollwitzer ya tattara irin wannan ya mai da shi ƙa'ida a 1999: mutum ya ce in kaza ya faru, zan yi kaza. Dattijon da ya ce zai riƙa shan maganin hawan jini, da wanda ya ce in ya sallame asuba kafin ya naɗe darduma zai haɗiye ƙwayar da ya ajiye tare da carbinsa, burinsu ɗaya ne, amma na biyun ya sauke wa ƙwaƙwalwarsa nauyin tunawa ya ɗora wa darduma.

Sai batun girman kaya, inda mafi yawanmu muke karyewa. Ni kaina akwai shekarar da na sayi littafin rubutu mai bango mai tauri na jera abubuwa tara da zan fara ranar 1 ga Janairu, har da koyon Faransanci da tashi ƙarfe huɗu. Littafin na nan, shafi uku ne aka taɓa, sauran yara sun yi jirgi da shi. Ranar ɗaukar alkawari mutum a ƙoshe yake, ya yi barci, zuciyarsa na tafasa, sai ya auna kaya da ƙarfin wannan rana. Wanda zai ɗauki kayan kuwa shi ne na ranar Laraba da ya dawo a gajiye, an ɗauke wuta, yaro na zazzaɓi.

Wannan darasi tsoho ne a wurinmu. Labarin Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, Allah ya yarda da shi, sananne ne a littattafan hadisi: saurayi ne mai ƙarfi da ya ɗauki azumi kullum da tsayuwar dare duka, Manzon Allah (SAW) ya yi ta rage masa yana neman ƙari, har suka tsaya a azumin yau a sha gobe. Da tsufa ya kama shi ya riƙa cewa ina ma ya karɓi sauƙin da aka yi masa. An kuma ruwaito daga Nana A'isha cewa aikin da ya fi soyuwa shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Muna jin wannan a mumbari muna gyaɗa kai, mu fito mu sake ɗaukar kayan raƙumi.

Tsangaya ma a kan haka aka gina ta. Kolo ba a ba shi Alƙur'ani a ce ya haddace. Ana rubuta masa abin da zai iya a allo, ya biya, ya maimaita har ya zauna, sannan ya wanke a ɗora masa na gaba. Lissafin kansa abin kwantar da hankali ne. Izu sittin, kowane izu tumuni takwas, jimla 480. Tumuni bai fi shafi ɗaya da 'yan layuka ba. Wanda ya karanta tumuni ɗaya bayan kowace salla zai sauke cikin kwana 96, wato kusan sau huɗu a shekara, ba tare da ya taɓa zama fiye da 'yan mintuna ba. Ka gwada shi da wanda ya sauke sau biyu a Ramadan ya rufe sai baɗi. Yau da gobe shi ya sa allura ginin rijiya.

Ƙaramin aiki yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba. A makonnin farko abin da ake ginawa shi ne ƙullin nan tsakanin lokaci da aiki, ƙulli kuwa da yawan maimaici yake ƙarfi. Tattakin minti goma kullum ba zai rage tumbi ba, gaskiya ne, amma zai mai da mutum wanda ke ɗaure takalmi bayan la'asar. In wannan ya kafu, mayar da goma talatin abu ne mai sauƙi.

Bayan turke da girman kaya, na uku su ne mutane, a nan kuwa matan Hausawa sun riga malaman jami'a. In aka kalli adashi da idon banki shirme ne: mutum goma kowa na zuba dubu biyar a mako, mai kwasa ya ɗauki dubu hamsin, babu riba, na ƙarshe ma kuɗinsa ya dawo masa darajarsu ta ragu. To me ya sa bai mutu ba? Domin kowa ya san kuɗin da ke hannu ƙafa gare su. Ga biki, ga suna, ga ɗan'uwan da ya zo da magana mai daɗi, ga awara da yamma. Adashi na ƙwace zaɓi daga hannun mutum kafin ranar jaraba. Rana ɗaya ce sananniya, adadi ɗaya ne, yarinyar uwar adashi za ta yi sallama ko kana so ko ba ka so, kuma kunyar a ce wance ta kasa zubi ta fi kowace niyya kaifi. Ga shi kuma ana ce wa mai roƙo "na zuba adashi", magana ta ƙare ba tare da zumunci ya ɓaci ba. Yana da nasa haɗari, kowace unguwa na da labarin uwar adashin da ta yi layar zana, amma dabarar tana nan daram.

Asusu ma haka. A yammacin Kenya wasu masu bincike biyu, Pascaline Dupas da Jonathan Robinson, sun raba wa 'yan adashin ƙauyuka akwatin ƙarfe mai kwaɗo don tanadin kuɗin lafiya, sakamakon da suka wallafa a 2013 ya nuna tanadin ya ƙaru da kashi 66 cikin ɗari. Abin lura shi ne akwatin da aka bar makullinsa a hannun mai shi ya fi wanda aka riƙe wa makulli amfani. Talaka na son shinge tsakaninsa da kuɗinsa, amma ba ya son shingen da zai hana shi isa gare su ranar da yaro ya suma. Tukunyar asusu ta ƙasa, wadda sai an fasa, kusan nan ta tsaya: ba za ka fasa ta don kuɗin kati ba, amma in ta ɓaci dutse na kusa.

To in aka yi fashi fa? Binciken Lally ya nuna tsallake rana ɗaya bai ɓata tafiyar ba. Abin da ke ɓata ta shi ne hukuncin da mutum ke yanke wa kansa washegari, ya ce tunda na riga na karya, bari sai sabon wata. Manhajojin waya masu ƙirga maka kwanakin da ka jera su mai da kai sifiri in ka tsallake ɗaya suna ƙara wa wannan wuta fetur. Fiƙihunmu ya fi su sanin mutum, tunda ya tanadi ramuwa: wanda barci ya ɗauke ya tashi ya yi sallarsa, ba a ce ya jira Juma'a ya fara sabon lissafi. Yana da kyau tun farko mutum ya tanadi ɗan ƙaramin gwargwado na ranar wuya, layi uku a madadin shafi, naira ɗari a madadin dubu, don kada turken ya kwana babu komai.

Akwai kuma abin da littattafan nan masu farin jini ba su faɗa, domin an rubuta su ne don mai albashi, mai ɗakinsa shi kaɗai, wanda gobensa ke kama da yau. Telan da ke jiran a kawo wuta ba shi ke da darensa ba. Direban Adaidaita Sahu bai san ƙarfe nawa zai haɗa kuɗin balas ba. Matar da ke da yara biyar da suruka a gida, lokacinta na kowa ne ban da ita. Manomi yana da rayuwa biyu, ta damina da ta rani, tsarin da ya yi aiki a Janairu zai watse a Yuli. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, mai tara kuɗin keken ɗinki tana tarawa keken na gudu. Wani bincike da aka wallafa a 2013 kan manoman rake a kudancin Indiya ya nuna mutum ɗaya yakan fi kasawa a gwajin tunani kafin girbi, lokacin da aljihu ya bushe, fiye da bayan girbi. Rashi na cin hankali. Saboda haka in na ji mai jawabin ƙarfafa gwiwa na cewa talauci rashin tsari ne, nakan so in ba shi gidan haya ɗaki ɗaya da yara shida na wata guda. Sabo na taimaka wa mutum ya riƙe ɗan abin da ke hannunsa, amma ba ya kawo wuta, ba ya sauke farashin shinkafa. Ga irin waɗannan ma shawarar ɗaurawa a jikin salla ta fi ta agogo, tunda salla na bin mutum gona da tasha.

Wani tarkon kuma shi ne sabo ya kafu, burin ya tsere. Ɗalibi na iya zama da littafi kowane dare wata shida, ya ji daɗin kansa, ya faɗi jarrabawa, domin karantawa yake yi kawai bai taɓa rufe littafin ya gwada amsa tsofaffin tambayoyi ba. Maimaici na zaunar da kuskure kamar yadda yake zaunar da daidai. Shi ya sa a tsangaya ba a barin almajiri da tilawarsa shi kaɗai, sai ya kawo a saurara, gardi ko alaramma ya tare shi inda ya karkace. Duk wata ɗaya ko biyu ya kamata a fito da ma'auni: awon jini ya sauka? Asusun ya yi nauyi? Tambayoyi nawa aka ci cikin hamsin? In ba motsi, a sauya aikin a bar turken.

A layinmu akwai wasu maƙwabta biyu, ɗaya mai gyaran babur, ɗaya malamin firamare, da suka gaji da ɓacewa daga sahu duk Shawwal. Shekarun baya suka yi yarjejeniya a daren Salla: wanda ya riga tashi ya yi wa ɗan'uwansa filashin, in ba a mayar ba cikin minti biyar ya je ya buga ƙofa. Matar mai gyaran babur ta yi ƙorafi a watan farko cewa bugun na tayar mata da jariri. Yanzu jaririn ya shiga aji biyu, kuma malamin ya ce mini ya manta rabon da a kai ga bugun ƙofa, sai dai har yau in wayarsa ba caji sai ya aika yaro tun da dare ya gaya wa maƙwabcinsa.